Daga Zinder Zuwa Jidda: Kilomita 3,300 a Sama, Kusan 5,000 a Jikin Maniyyaci

Idan jirgi ya tashi daga filin jirgin saman Zinder ya miƙe sak zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, bai karkata dama ko hagu ba, tafiyar kilomita 3,300 ce ko ɗoriya kaɗan. Idan Madina ya nufa, ta haura 3,400. Babban jirgin fasinja yana cin kimanin kilomita 850 a awa guda da zarar ya daidaita a sama, don haka da tashi da sauka da komai, awa huɗu da rabi sun ishe shi. Ma'ana, mutumin da ya yi sallar asuba a masallacin da ke ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni zai iya riskar azahar a Jidda, duk da cewa agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa biyu.

Wannan shi ne lissafin takarda. Tafiyar da yawancin maniyyatan Damagaram suke yi daban take. Mafi yawan jiragen alhazan Nijar daga filin Diori Hamani na Yamai suke tashi, kuma Yamai tana yamma, alhali Makka tana gabas. Sai maniyyaci ya juya wa alƙibla baya ya yi kusan kilomita 900 a mota, sannan ya hau jirgi ya yi wasu kimanin 4,000, domin daga Yamai nisan Jidda ke nan. Jimilla kusan 4,900. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, miƙaƙƙen layin Yamai zuwa Jidda yana ratsawa ta saman jihar Damagaram ɗin, arewa da Tanut kaɗan. Bayan kamar awa guda da tashi, alhaji yana wucewa ta saman yankin da ya baro kwana biyu ko uku da suka shige.

Yadda ake auna tazarar

Mutane da dama suna ɗora magwaji a kan taswira su ja layi, su ce ga hanya mafi kusa. A gajeriyar tafiya hakan ba laifi, amma a doguwa taswira tana ruɗi, saboda ita shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya. Ka samu ƙwarya ka kife, ka sa ɗigo biyu a bayanta, ka ja zare tsakaninsu har ya yi tauri. Inda zaren ya kwanta, nan ne hanya mafi gajarta, kuma in ka mai da shi kan taswira za ka ga ya ɗan yi baka zuwa arewa. Da wannan layin ake lissafa nisan da ke tsakanin kowane filin jirgi da wani. Abin da ake buƙata kawai shi ne matsayin kowannensu a doron ƙasa, da kuma girman duniyar, wadda kewayenta ya kai kimanin kilomita 40,000. Zinder tana daraja 13.8 arewa da layin da ya raba duniya biyu, tana kuma kusan daraja 9 gabas da layin Girinwic. Jidda tana 21.7 arewa, 39.2 gabas. Idan aka buga lissafi, tsakaninsu ya yi kusan daraja 30 cikin 360 na da'irar duniya, wato kashi ɗaya cikin goma sha biyu na kewayenta.

Matuƙa jirgi ba da kilomita suke aiki ba. Mil na teku suke ƙirgawa, wanda kowane ɗaya mita 1,852 ne, don haka a takardarsu Zinder zuwa Jidda mil 1,800 ne ba kaɗan. Suna kuma kiran filayen da alamun haruffa: ZND ita ce Zinder, NIM Yamai, KAN Kano, JED Jidda, MED Madina. Su ne ake gani a manne jikin jaka.

Wani abin sha'awa, wannan zaren da muka ja kusan shi ne alƙiblar mutanen Zinder. Jirgin da ya nufi Jidda kai tsaye zai sa gaba gabas, ya ɗan karkata arewa da kimanin daraja 20, kuma haka mihirabin masallacin da aka daidaita shi da kyau yake fuskanta. Duk mai sallah a Zango ko Birni ko Sabon Gari yana kallon wannan hanya sau biyar a yini.

Abin da ke ƙarƙashin layin

Daga Zinder layin yana bi ta ƙasar Gure, ya wuce arewa da Ngigmi da Tafkin Chadi, ya shiga ƙasar Chadi ta saman kwarin Bodele. Wannan kwari busasshen gindin tsohon tafki ne, kuma daga nan ne iskar hunturu take kwaso mafi yawan ƙurar da ke zama hazo a Zinder da Maraɗi da Kano daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazon da yakan hana jirage sauka. Daga nan sai kudu da Faya, sai duwatsun Ennedi, sai hamadar arewacin Sudan, inda za a yi ɗaruruwan kilomita ba gari ba rijiya. Yana tsallake kogin Nilu arewa da Dungula, ya faɗa Bahar Maliya arewa da Port Sudan, ba da jimawa ba fitilun Jidda su bayyana.

Kashi biyu cikin biyar na wannan layi, ko fiye, a sararin samaniyar Sudan yake. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jirgi ba ya bin zaren daidai wa daida. Sama ma tana da tituna da mahaɗai, kuma masu kula da zirga-zirga ne suke ba kowane jirgi hanyarsa da tsawon da zai tashi. A Nijar da Chadi hukumar ASECNA ce take wannan aiki, wadda aka kafa tun 1959. Iska ma tana da ta cewa. Da hunturu akwai ƙaƙƙarfar iska can sama da ke kaɗawa daga yamma, tana tura mai zuwa gabas. Da damina kuwa wata ce ke tasowa daga gabas a saman Sahel, sai tafiya ta ɗan fi dawowa tsawo. Shi ya sa jirgi ɗaya, hanya ɗaya, amma mintocin zuwa da na komowa ba sa zama daidai.

Lokacin da ake ƙirga nisa da shekaru

Tsofaffin Damagaram sun san wannan tazara da ƙafafunsu. Kafin jirgi, mai niyyar hajji yakan raba gado tun yana raye, ya biya bashi, ya nemi gafarar dangi da maƙwabta, domin babu tabbas zai dawo. Hanyar ba ta bin miƙaƙƙen layin hamada, tana bin ruwa da garuruwa ne ta kudu: Borno, Fort-Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe ta ƙasar Wadai, Adare, Junaina, Fashir ta Darfur, sai Ubayyid ta Kurdufan. Daga shekarun farko na ƙarni na 20 jirgin ƙasa ya iso Ubayyid, mai ɗan hali sai ya hau zuwa Khartum, daga can zuwa bakin teku. A Sawakin ake tsare alhazai a killace don binciken lafiya, sannan su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

Ba tsawon hanyar kaɗai ke cin lokaci ba, rashin guzuri ne. Mutum yakan taso da jakinsa da iyalinsa da allonsa, ya yi tafiyar rani, damina ta tare shi a wani gari ya tsaya ya yi noma, ko ya yi ɗinki, ko wanzanci, ko ya koyar da yara karatu, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, dubban mutanenmu suka zama 'yan ƙwadago a can, suna tsinkar auduga suna tara kuɗin jirgin ruwa. Wani ya yi shekara uku, wani bakwai. An haifi yara a hanya sun isa Makka da wayonsu. Da yawa kuma ba su ƙarasa ba, ko sun ƙarasa ba su komo ba, zuriyarsu ce take zaune yau a Gadarif da Kasala da Wad Madani da unguwannin Makka, ana ce musu takari. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ma daga irin wannan ƙaura ya samo asali: Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na farko, shi ya kafa shi da jama'ar da suka tsira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Ta arewa ma haka abin yake. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa a garin, Zinder babbar mahaɗa ce ta ayarin Tarabulus. Ayari yakan sauka a Zango da tufafi da takarda da bindigogi, ya koma da fatu da gashin jimina, da kuma bayi, wanda ba abin da za a ɓoye ba ne. A sama, Zinder zuwa Tarabulus kilomita 2,200 ne, awa uku. Bature James Richardson ya baro Tarabulus a watan Maris na 1850, bai shigo Zinder ba sai Janairun 1851, bayan dogon zama a Murzuk da Gat da Abzin. Makonni kaɗan da barinsa garin ya rasu a hanyar Kukawa.

Zinder ta taɓa zama zangon jirage

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, a farkon zamanin jirgin sama Zinder tana kan babbar hanya. Jiragen lokacin ba sa iya doguwar tafiya ba su sha mai ba, dole su riƙa sauka kowane 'yan ɗaruruwan kilomita, kamar yadda ayari yake yada zango. A 1925, lokacin Zinder ce hedkwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar, wani matuƙi ɗan Beljiyam mai suna Edmond Thieffry ya taso daga Burussel ran 12 ga Fabrairu, ya keto Sahara ta Gawo da Yamai, ya sauka a Zinder, ya wuce Fort-Lamy da Bangi, ya isa Leopoldville, wato Kinshasa ta yau, ran 3 ga Afrilu. Kwana 51 ya yi, amma zamansa a sama duka bai wuce awa 75 da 'yan kai ba. Sauran duk jiran gyara ne da mai da yanayi. A watan Nuwamba na shekarar, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar ta Khartum da Fashir suka sauka Kano, karo na farko da jirgi ya taɓa ƙasar Najeriya. A shekarun 1930 layin jiragen Faransa da ke haɗa Aljeriya da Kwango yana sauka a Zinder, sannan a yaƙin duniya na biyu dubban jiragen yaƙi suka bi ta Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, Junaina, Fashir da Khartum zuwa Masar. Duba sunayen nan da kyau: hanyar alhazan ƙafa ce jiragen suka bi, gari bayan gari.

Abu biyu suka cire Zinder daga wannan taswira. A 1926 Faransawa suka mai da hedkwata Yamai, komai na mulki ya bi ta can. Daga baya kuma jirage suka yi ƙarfin da za su keta Sahara a tashi ɗaya, ba su da sauran buƙatar zango. Tun kafin nan jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 ya riga ya karya cinikin ayarin Tarabulus. Garin da ya rayu da kasancewa a tsakiyar hanya sai ya wayi gari a gefe.

Kilomita 900 na farko

A wurin dattijo ko dattijuwa, wahalar hajjin yau ba a jirgi take ba. Tana kan titin da ake kira hanyar haɗin kan ƙasa, lamba ɗaya. Wanda ya taɓa zuwa tashar manyan motoci a Zinder kafin asuba a lokacin jigilar alhazai ya ga abin da idonsa. Jakunkuna iri ɗaya jere a ƙasa, an rubuta suna da lambar waya da babban alƙalami. Tsohuwa zaune kan tabarma da butarta, fasfo da katin riga-kafi a cikin 'yar jaka rataye a wuya ƙarƙashin hijabi, tana taɓa ta lokaci lokaci don ta tabbatar tana nan. An ɗaure mata garin kunu da ƙuli-ƙuli da yaji da kilishi a leda. Jikoki sun kewaye ta, wannan ya ce, "Kaka, ki sa ni a addu'a in kin ga Ɗaki," wancan ya ce, "Hajiya, kar a manta da zamzam da dabino." Ɗanta yana ta jaddada wa yaron mota cewa tana da ciwon ƙafa, a taimaka a ba ta kujerar gaba.

Daga nan sai Takeita, Tasawa, Agye, Cadawa, Maraɗi, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai, tun duhun asuba har dare. A 'yan shekarun nan aikin hajji yana faɗowa ne a watannin Mayu da Yuni, lokacin da zafi yake haura daraja 40. Idan an isa, sai jiran jirgi, wanda kan iya zama kwana ɗaya, kan iya zama kwanaki, a gidan dangi ko a masauki, ana cin guzurin da aka tanada don Makka. Mutum yana isa Madina a gajiye tun bai fara ɗawafi ba, ga tafiyar kusan kilomita 450 zuwa Makka a gabansa, ga Mina da Arfa. A dawowa kuma a sake bin titin nan da tari da mura da kaya niƙi-niƙi. Wanda ya taso daga Difa tafiyarsa ta mota ta haura kilomita 1,300, na Ngigmi kuwa kusan 1,500, alhali su suka fi kowa kusa da Makka a duk faɗin kudancin Nijar.

Ba mutane kaɗan ake magana a kai ba. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram ce ta fi kowace yawan jama'a a Nijar, da mutum sama da miliyan 3.5, Maraɗi tana biye da miliyan 3.4, cikin miliyan 17 na ƙasar baki ɗaya. Idan aka haɗa da Difa, sun haura kashi 40 cikin ɗari. Kujerun da Saudiyya take ware wa Nijar a shekarun baya-bayan nan sun haura 15,000, kuma hukumar COHO ce take tsara jigilarsu tare da kamfanonin shirya aikin hajji.

Kano tana nan kusa, kilomita 200 a sama, kamar 240 a mota ta Matamaye da Daura, kuma daga can Jidda kilomita 3,400 ce. 'Yan kasuwa da masu zuwa umra sun daɗe da sanin wannan. Amma kujerar hajji ta ƙasa ce, bizar ma haka, sannan iyaka ba kullum take a buɗe ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe ta, ba a buɗe ba sai Maris na 2024.

Lokacin da sama ta rufe

Shekarar 2023 ta nuna cewa nisan jirgi ba lissafin ƙasa kaɗai ba ne. Ran 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Wancan kashi biyu cikin biyar na layin ya toshe. Dole jiragen Afirka ta Yamma suka riƙa zagayawa, ko ta arewa su shiga ta Masar, ko ta kudu su ɓullo ta Habasha. Awoyi suka ƙaru, mai ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. A Najeriya sai da aka ɗora dala 250 a kan kowace kujera saboda wannan zagaye. Garuruwan da kakanninmu suka yada zango a cikinsu, Junaina da Fashir da Ubayyid da Wad Madani, su ne muka riƙa ji a labarai ana kashe mutane, kuma cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai jikokin alhazan ƙafa.

A watan Agusta na shekarar Nijar ma ta rufe nata sararin, daga ran 6 ga wata zuwa 4 ga Satumba. Jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka, waɗanda suka saba ratsawa ta samanmu ba mu ma sani ba, suka koma zagaye mai nisa, wasu har da tsayawa shan mai. Amma ko ta Masar aka bi ko ta Habasha, abu ɗaya bai sauya ba: Zinder ta fi Yamai kusa.

Me ake buƙata

Gaskiya ne tashin babban jirgi daga gari ba abu ne na fatar baki ba. Jirgin da ke ɗaukar mutum 300 ko 400 yana son titi mai tsawon kusan kilomita uku, mai ƙarfin ɗaukar nauyinsa. Zinder tana kimanin mita 460 sama da teku, kuma da bazara iska mai zafi ba ta da kauri, fuka-fuki ba sa samun abin riƙo da wuri, sai jirgi ya ƙara gudu a ƙasa ko ya rage kaya. Shi ya sa aka fi son tashin dare ko na asuba, wanda shi kuma yake buƙatar fitilun titi da wutar da ba ta yankewa. Ana son motocin kashe gobara daidai girman jirgin, da rumbun man jirgi, da na'urorin binciken kaya, da jami'an shige da fice da na kwastan da na lafiya, da amincewar hukumar jiragen Saudiyya. Kamfani kuma zai yi lissafin cewa jirginsa zai zo fanko ya ɗauki mutane.

Duk waɗannan kuɗi ne, amma ba abin da ya gagara ba ne. An yi wa filin Zinder gyara lokacin bikin 18 ga Disamba na 2018, wanda aka yi wa laƙabi da Zinder Sabuwa, don haka ba daga tushe za a fara ba. Ba kuma dole sai jirgi mafi girma ba: matsakaitan jirage masu ɗaukar mutum 180 suna cin kilomita 3,300 a tashi ɗaya ba tare da wata matsala ba. Maƙwabtanmu sun nuna ana iyawa. Alhazan Katsina daga Katsina suke tashi, na Sakkwato daga Sakkwato, haka Maiduguri da Yola da Birnin Kabi, ba a ce kowa sai ya je Abuja ba.

Kira a nan ga hukumar COHO, da ma'aikatar sufuri, da masarautar Damagaram, da attajiran jihar da na Maraɗi da Difa: a zauna a fitar da lissafin abin da ya rage wa filin nan, a faɗa wa jama'a a fili, a sa Zinder cikin jadawalin jigilar alhazai na kowace shekara, zuwa da dawowa, ta yadda maniyyaci zai san tun ranar da ya biya kuɗin kujera cewa daga gida zai tashi. Tsofaffin da suka yi shekaru suna tara kuɗin nan daga gero da gyaɗa da awaki sun cancanci a rage musu kilomita 1,600 a zuwa, da wasu 1,600 a dawowa.